Ciwon Asma: Idan Ke da Likita Ba Ku Jin Bakin Juna

In da hali ki ɗan ajiye abin da ke hannunki ki matso kusa, don zancenmu na yau a kan numfashi ne, numfashi kuwa kin san shi ne rai.

Ciwon asma za mu tattauna, wanda wasu iyayenmu suke kira fuka. Kuma za mu haɗa shi da wata matsala da ba a cika faɗa ba. Mace ta shirya ta je asibiti, an biya kuɗin mota, an yanki kati, an bi layi, ta shiga gaban likita, sai ya zamana shi ba ya jin bakinta, ita ma ba ta jin nasa. Ta fito da magani cike da leda, amma babu bayani ko guda a kanta. A wasu cututtukan ana iya tsira da haka. A ciwon asma kuwa, wannan rashin fahimtar juna yana iya kai mutum ga kabari, alhali maganin da zai cece shi yana ajiye a ƙarƙashin matashin kai.

Bari mu fara da sanin ciwon kansa. Iskar da muke shaƙa tana shiga huhu ne ta wasu hanyoyi masu rassa kamar na bishiya, manya su rabu zuwa ƙanana, ƙanana su rabu har su koma sirara kamar tsinken tsintsiya. Mai asma, waɗannan hanyoyi nata a ɗan kumbure suke daga ciki, ko a ranar da take jin ta garau. Da zarar ta shaƙi abin da jikinta ba ya so, sai naman da ke zagaye da hanyoyin ya matse, majina mai kauri ta taru, hanya ta tsuke. Nan ne za ki ji tari ya ƙi tsayawa, musamman cikin dare da goshin asuba, ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora dutsen niƙa, numfashi yana fita da wata 'yar ƙara kamar kukan 'yar kyanwa.

Abubuwan da ke tayar da shi kuwa kin san su: ƙurar hunturu, hayaƙin itace da na gawayi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, ƙurar shara da ta shiƙar hatsi, ƙaurin suyar barkono, kyankyasai, gashin kyanwa, hayaƙin taba, hayaƙin janareta, da mura. Ki lura da kyau, kusan dukkansu a cikin gida suke, inda mu mata muke wuni muke kwana. Asma ba a ɗaukarta a wajen wani, ko da kwano ɗaya kuke ci, sai dai takan bi jinin gida. Ba a kuma warkewa daga gare ta ɗungurungum yadda ake warkewa daga zazzaɓi, amma ana riƙe ta da magani har mace ta yi aurenta, ta haihu, ta yi sana'arta, ta tsufa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da asma a duniya, kuma a wannan shekarar ta yi ajalin mutum 455,000. Mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne, inda ba a gano ciwon da wuri, ba a kuma samun magani yadda ya kamata.

To me ya haɗa asma da yare? Ga abin da ya haɗa su. Idan zazzaɓin cizon sauro ne, ɗan huda yatsa za a yi a ɗiba jini, kafin wani lokaci an ga sakamako, ko kin yi magana ko ba ki yi ba. Idan hawan jini ne, abin awo za a ɗaura miki a dantse. Asma ma akwai na'urar da ake hurawa a auna ƙarfin numfashi, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba. Saboda haka mafi yawan lokaci da labarinki likita yake gane ciwon. Ga shi kuma ciwo ne mai wayo. Yakan tashi da tsakar dare ya hana gida barci, amma kafin ki isa gaban likita da hantsi ya lafa. Likita ya ɗora abin sauraron ƙirji, ya ji shiru. Idan babu wanda ya iya gaya masa cewa wannan tarin wata uku ke nan yana dawowa, da dare yake tashi, yana ƙaruwa ranar da aka yi shara ko aka kunna turare, kuma kakar yaron ma tana fama da irinsa, to ruwan maganin tari zai rubuta ya sallame ki. Bayan mako biyu ki sake dawowa. Haka za a yi ta zarya, kuɗi na ƙarewa, ciwo na nan.

Su wa wannan matsala ta fi shafa? Ki ɗauki 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen da Hausa ba ita ce bakin gari ba. Unguwar Sabo ta Ibadan, tun wajen 1916 Hausawa suke zaune a cikinta. Ga Agege da Idi-Araba a Legas, ga zango a Kumasi, ga Nima a Ankara ta ƙasar Gana. Maza suna fita kasuwa kullum, sun iya Yarbanci, sun iya Tuwi, sun iya Turancin kasuwa. Yaran da aka haifa a can ma sun iya. Amma amaryar da aka kawo daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, aka sa ta a ɗaki, sai ta shekara biyar abin da ta sani bai wuce gaisuwa ba, don duk wanda take gani a tsakar gida Bahaushe ne. Ranar da numfashin ɗanta ya sarƙe, ranar za ta gane cewa baƙo makahon gari ne.

Mu dawo gida kuma. A Nijeriya kaɗai akwai harsuna fiye da 500. A asibitocin Kano da Zariya da Katsina, kullum za ki ga Bafulatanar da ta zo daga ruga, Babarbariyar da rikici ya koro daga Barno, Buzuwa, Bazabarma, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta cinikin nono da gaisuwa ba. A nan su ne baƙi, mu ne 'yan gari. Har ke kanki Bahaushiya a garin ubanki kina iya faɗawa cikin wannan hali, don da Turanci ake koyon aikin likita a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, kuma tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake turo matasan likitoci daga wani sashen ƙasa zuwa wani. Yaro ne mai ilimi da son aiki, amma watansa biyu da zuwa, Hausarsa "sannu" ce da "ina ciwo".

Kada ki ɗauka mu kaɗai abin ya dama. A Ingila ganin likita kyauta ne, asibitoci kuma ga kayan aiki. Duk da haka, a shekarar 2005 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasar, aka ga mutanen da asalinsu daga Indiya da Pakistan da Bangaladash suke, ana kwantar da su a asibiti saboda asma kusan ninki uku na Turawa, baƙar fata kuma kusan ninki biyu. Dalilan suna da yawa, akwai talauci, akwai irin gidajen da ake zaune a ciki, akwai kuma rashin fahimtar juna tsakanin mara lafiya da likita. Kin ga ke nan buɗe ƙofar asibiti kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ji abin da mutum ya zo da shi.

Yanzu bari in nuna miki yadda magana take zamewa a hanya, da kalmominmu na yau da kullum. Ki ce wa mai fassara, "Fuka ke damun yaron nan," kina nufin asma. Shi kuwa abin da ya sani tarin fuka, wato tibi, sai ya gaya wa likita haka. Cututtuka biyu ne dabam, ɗaya ana ɗauka ɗaya ba a ɗauka, maganinsu ma bai haɗa hanya ba. Ki ce, "Sanyi ne ya kama ni," kina nufin sanyin hunturu ya shiga ƙirjinki. Wata za ta fassara shi da mura, wata kuma ta ɗauka ciwon sanyi irin na mata kike nufi, a rubuta miki maganin da ba ruwansa da ƙirji. Ki ce, "Zuciyata na tashi," kina nufin kina jin amai, ɗan koyon Hausa ya ce wa likita ciwon zuciya gare ki. Ki ce, "Ina haki," a fassara shi da gajiya. Duk wannan ba mugunta ba ce, kalma ɗaya ce mai fuska biyu.

Saboda haka idan kin shiga gaban likitan da ba ku jin bakin juna, ki rage kiran sunan ciwo, ki yawaita siffanta shi. Maimakon ki ce fuka ce ko sanyi ne, ki ɗora hannu a ƙirji ki nuna yadda yake matsewa. Ki kwaikwayi ƙarar numfashin da bakinki. Ki ƙirga masa da yatsu dare nawa tari ya tashe ki a wannan makon. In akwai waya a gidan, ranar da ciwon ya tashi a ɗauki sautin numfashin, ko hoton bidiyo na ƙirjin yaron yana hawa da sauka, a nuna wa likita. Gani ya kori ji, kuma wannan ba ya buƙatar tafinta.

Inda aka fi yin hasara kuwa shi ne wajen bayanin magani. Ki saurara da kyau a nan, don shi ne jigon zancenmu. Babban maganin asma na shaƙa ne, wanda ake kira inhela, kuma iri biyu ne, aikinsu dabam. Na farko mai buɗewa ne. Galibi shuɗi ne, maganin da ke ciki sunansa salbutamol, da yawa sun fi saninsa da Ventolin. Shi idan numfashi ya sarƙe aka shaƙa, cikin 'yan mintoci yake saki naman da ya matse, hanya ta buɗe. Na biyu na rigakafi ne. Sau da yawa ruwan ƙasa ne, wani kamfanin kuma yakan yi shi da wani launi. Shi aikinsa sace kumburin nan na ciki a hankali, kuma sai an yi kwanaki, har makonni, ana shaƙarsa kullum kafin a ga amfaninsa. Akwai kuma wani mai haɗe da aikin biyu a cikin abu guda, wanda likita zai bayyana yadda ake amfani da shi.

Ki ɗauke su kamar ɗaki mai yoyo. Shuɗin shi ne kwanon da kike tarawa idan ruwa ya fara ɗiga. Na rigakafin shi ne yaɓen da ake yi wa rufi tun kafin damina ta kankama. Wadda ba a yi wa bayani da bakinta ba, me za ta yi? Ta shaƙi shuɗi ta ji sauƙi nan take, ta ce wannan shi ne magani. Ta shaƙi ɗayan ba ta ji komai ba, ta ce wannan jabu ne, ta jefa shi cikin kwalla. Haka za ta yi ta tara kwano, rufi na ci gaba da ruɓewa, har ranar da za a yi ruwan da kwano ba zai iya ba. Saboda irin wannan haɗarin ne a shekarar 2019 kwamitin masana asma na duniya da ake kira GINA ya sauya shawararsa, ya ce bai kamata babba ko matashi mai asma ya dogara da shuɗin kaɗai ba, sai an haɗa da mai sace kumburi. Ga ma'aunin da za ki riƙe: idan kina buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashinki da dare, ko kina ƙarar da guda uku ko fiye a shekara, to ciwon bai kwanta ba, ki koma asibiti ko da kina jin dama-dama.

Na san akwai maganganun da ke yawo a tsakar gida. Wai inhela in an fara ba a dainawa, wai sai ciwo ya yi nisa ake ba da ita, wai kada a bari dangin miji su gani. 'Yar'uwa, inhela ba ta kama jiki kamar ƙwaya mai sa maye. Maganin da ke cikinta ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Abin da ya fi haɗari shi ne ƙwayoyin da ake saye a kemis ba tare da likita ba, irin su firedinisolon da dekisa, a yi ta sha wata da watanni don suna kawo sauƙi. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki idan ciwo ya tashi da ƙarfi, amma daɗewa ana shan su yana kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Mai ciki da mai shayarwa kuma kada su ajiye inhelarsu da ra'ayin kansu. Numfashin uwa shi ne numfashin abin da ke cikinta, sarƙewarsa ta fi maganin haɗari nesa ba kusa ba.

Ita kanta shaƙar akwai yadda ake yi, kuma ba a koyonta da gyaɗa kai. Ana girgiza abin, a fitar da numfashi, a kama bakinsa da leɓɓa a rufe ruf, a fara jan iska a hankali a danna sau ɗaya a daidai lokacin, a ci gaba da ja, sannan a riƙe numfashi gwargwadon ƙirga ɗaya zuwa goma. Idan za a ƙara, a ɗan dakata a sake girgizawa. Bayan na rigakafi a kurkure baki a zubar. Mutane da yawa a harshe da maƙogwaro maganin yake tsaya musu, ba ya kaiwa huhu, su ce ba ya aiki. Akwai wata 'yar kwalba da ake sa wa tsakanin inhela da baki don sauƙaƙa wannan, musamman ga yara da tsofaffi. In ba a samu ta kanti ba, a shekarar 1999 wata likitar yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, Dokta Heather Zar, da abokan aikinta sun nuna cewa gorar roba ta rabin lita, irin ta lemo, tana yin wannan aiki. Ana huda gindinta daidai bakin inhela, a fesa maganin a ciki, mara lafiya ya shaƙa ta bakin gorar. Ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta haɗa miki ita a gabanki, ta kuma nuna miki yadda za a yi wa ƙaramin yaron da bai iya kama bakin gora ba.

To wa zai yi miki tafinta? Yawancinmu yaro ɗan makaranta muke ja, don shi ne a kusa. Bari in ba ki labarin wani bincike. A shekarar 2003 wani likitan yara a birnin Boston na Amurka, Dokta Glenn Flores, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon ganawa 13 da suka naɗa tsakanin likitoci da iyaye masu jin Sifaniyanci. Suka samu kuskuren fassara kimanin 31 a kowace ganawa, mafi yawa kuma tsallake magana ne, wato likita ko uwa su faɗi abu, tafinta ya bar shi a hanya. Kurakuran waɗanda aka jawo kawai don suna kusa, cikinsu har da yaro ɗan shekara 11, sun fi na tafintocin asibiti haɗari. Akwai uwar da aka ce wa ta ɗiga wa ɗanta maganin sha a cikin kunne. Kin ji fa, a ƙasar da ake ji da ita.

Yaro ba shi da laifi. Bai san kalmomin asibiti ba, yana jin tsoron likita, kuma akwai abin da ba za ki iya faɗa a gabansa ba. Yaya za ki ce wa ɗanki ya gaya wa likita kin yi ɓatan wata? Haka ma idan ƙanin miji ne ya raka ki, kunya za ta sa ki haɗiye rabin zancen. Maigida kansa, duk da ƙoƙarinsa, wani lokaci yakan amsa tambayar da ke aka yi wa, ya ce da sauƙi, alhali ba shi ne ya kwana a zaune ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya fi shi ne ki samu mace babba, mai hankali da riƙon sirri, wadda ta ji bakin nan biyu sosai. In ba ki zo da ita ba, tun a wajen yankar kati ki tambaya ko akwai ma'aikaciya mai jin yarenki. Neman wannan ba roƙo ba ne, ba kuma raini ba ne. In duk babu, a kira wata 'yar'uwa a waya a ƙara sautin, ta fassara daga inda take. Kuma ki gaya wa tafintarki tun a waje: "Duk abin da na faɗa ki faɗa, duk abin da ya faɗa ki faɗa mini, kada ki taƙaita." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin ki tashi daga gaban likita, ga abubuwa biyar da za ki tabbatar. Na farko, ki ji sunan ciwon ƙarara: asma ce ko wani abu ne? Na biyu, ki ɗaga kowane magani ɗaya bayan ɗaya ki tambaya, wanne ne na kullum, wanne ne na lokacin da ciwo ya tashi, sau nawa, har zuwa yaushe. Kada ki dogara da launi kaɗai, a sa miki alama, ko a ɗaura zare a jikin na kullum, ko a zana rana da wata a kwalinsa. Na uku, ki shaƙa a gabansu su gani su gyara miki. Na huɗu, ki maimaita abin da kika fahimta da bakinki, tafinta ta mayar wa likita, don a nan ake kama kuskure. In ya yarda, a naɗi bayanin a waya ki riƙa saurare a gida. Na biyar, ki gaya masa duk maganin da kike sha, na asibiti da na gargajiya. Wasu masu asma asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna tayar musu da ciwo, wasu magungunan hawan jini ma haka. Kada ki gyaɗa kai don kunya alhali ba ki gane ba. Matambayi ba ya ɓata.

Sannan ki roƙi a rubuta miki 'yar takarda da Turanci ko Faransanci, ko bakin garin da kike: sunanki, cewa kina da asma, magungunan da kike amfani da su, wanda jikinki ba ya so, da lambar wayar mai yi miki fassara. Ki sa ta a leda tare da inhela da katin asibiti. Dalili kuwa, ranar da ciwo ya tashi da ƙarfi, ko Hausar ma ba ta fita, balle yaren wasu. Takardar nan ita za ta yi magana a madadinki.

Ita wannan ranar kuma ki san alamunta. Idan mai ciwo ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, idan yaro ya kasa shan nono ko cin abinci, idan fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana lotsawa ciki, idan cikin leɓe da harshe suka sauya launi suka yi toka-toka, idan ya fara lumshe ido yana galabaita, ko an shaƙi shuɗi bai yi aiki ba, to babu jiran gari ya waye. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar. A kashe turare da duk wani hayaƙi, a rage taron mutane a kansa. A ba shi shuɗin ta cikin gora, fesa ɗaya-ɗaya yana shaƙa, babba har zuwa goma, a kuma kama hanyar asibiti ana maimaitawa bayan minti ashirin in buƙata ta kama. Na ƙaramin yaro, ki tambayi likita adadin tun kafin ranar ta zo.

Wannan ya kawo mu ga zancen izini. Uwargida, kada ki bari sai tsakar dare, maigida yana kan hanyar Legas ko wayarsa a kashe, sannan a fara tunanin ko za a fita. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ransa a sake, ki ce, "Maigida, ka san ciwon yaron nan ba ya sallama. In ya tashi ba ka nan, wa zai kai mu, kuma wane asibiti?" A yanke magana tun yau, a sanar da uwar miji ko wan miji, a ajiye kuɗin mota a wuri guda da ba a taɓawa, a riƙe lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa. Ku kuma iyayen gida maza da ke jin mu ta bayan labule, mun san kuna ji, ku taimaka da wannan. In kun raka iyali asibiti, ku bar ta ta faɗi ciwonta da bakinta, ku kuma ku isar da shi yadda ta faɗa.

Daga ƙarshe, ke da Allah ya hore wa baki biyu, ko Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Barbarci, ko Hausa da Yarbanci, ko kika yi boko kika ji Turanci, ki sani abin da ke bakinki magani ne. Wataƙila kishiyarki ce, ko matar ƙanin mijinki, ko maƙwabciyar da kike jin tarinta ta katanga kowane dare. Ki leƙa ta. Ki ce ta ɗauko ledar maganinta ku duba tare, ki tambaye ta wanne take shaƙa kullum. In ranar komawarta asibiti ta zo, ki nemi izini ki raka ta. In kuma a layin asibiti kika ga wata ta rasa mai jin bakinta, ki matsa kusa ki ce, "Baiwar Allah, me ke damunki?" Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A nan za mu dakata. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya raya mana zuriya. Sai wani makon in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.